Kundin waƙoƙin Turanci na aikin makaranta: a bi manhaja, a bi mawaƙi ɗaya, ko a bi jigo?

Wata Asabar bayan la'asar ɗiyar yayana ta same ni a ɗakin da nake yi wa yaran unguwa darasin yamma a nan Agege, riƙe da takardar da malamarsu ta Turanci ta raba musu. Tana aji biyu na babbar sakandare. Takardar ta ce kowace ɗaliba ta haɗa nata kundin waƙoƙi: waƙa 10 ta Turanci, gabatarwa mai shafi ɗaya, ɗan sharhi a ƙarƙashin kowace waƙa, a kawo nan da mako huɗu. Ta ce, "Baffa, ni fa ban san ta inda zan faro ba. 'Yan ajinmu duk sun ce na WAEC za su kwaso." Na ce, "Zauna tukuna, 'yata. Ba kwasowa aka ce ki yi ba, zaɓe aka ce."

Ba wannan ne karo na farko da irin takardar nan ta shigo hannuna ba, kuma iyaye daga Idi-Araba har Mile 12 tambaya ɗaya suke yi mini: wace hanya ta fi? Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan kundi da ita, wato anthology, daga Girkanci ta fito, asalin ma'anarta tsinkar furanni. Saboda haka abin da malama ke dubawa shi ne me yaro ya tsinko, me ya bari, da wace hujja, kuma yaya ya jera su. Hanyoyin uku ne. Ina da wadda na fi so, ba zan ɓoye ba, amma kowace da yaron da ta dace da shi.

Ta farko ita ce wadda 'yan ajin nata suka zaɓa. Hukumar WAEC takan fitar da jerin waƙoƙi 12 ga masu rubuta jarrabawar adabin Turanci, 6 na mawaƙan Afirka, 6 na wasu ƙasashe, kuma jerin yakan yi shekara biyar kafin a sauya shi. Sauƙin wannan hanya a fili yake. Duk shagon littattafan da ka shiga a Agege ko Yaba za ka tarar da ƙananan littattafan jagora ɗauke da waƙoƙin da sharhinsu, baiti bayan baiti. Yaro ba zai yi yawo ba, uba ba zai kashe kuɗi da yawa ba, malama kuma ta san waƙoƙin ciki da waje. Ga ɗalibin ɓangaren adabi da zai zauna wa jarrabawar baɗi, duk lokacin da ya yi a kansu bai tafi banza ba. Wannan riba ce ta gaske, ban raina ta ba.

Amma a duba lissafin. An ce ka zaɓi 10, kai kuma ka nufi rumbun da 12 kaɗai ke ciki. Biyu kawai ka bari, ke nan ba ka zaɓi komai ba. A aji mai ɗalibai 40, malama za ta buɗe kundi na 20 ta tarar da abin da ta gani a na farko, har da sharhin, domin idan bayani yana gaban yaro a rubuce, da wuya ya kau da ido ya faɗi nasa. Malaman kuwa sun san littattafan jagoran nan, sun haddace jimlolinsu. Sai kuma wahalar gabatarwa. Waƙoƙin manhaja ba don su zauna tare aka zaɓe su ba, an zaɓe su ne don ɗalibi ya ga salo iri-iri da zamani daban-daban. A jerin 2021 zuwa 2025 akwai waƙar soyayya ta John Donne, wanda ya rasu tun 1631, da ta Gerard Manley Hopkins kan itatuwan da aka sare a 1879, da ta Niyi Osundare kan dabbobin dawa da ke neman shugaba. Me yarinya 'yar shekara 15 za ta rubuta a shafi guda da zai ɗaure waɗannan wuri ɗaya? Sai ta koma cewa waƙa tana da muhimmanci ga al'umma, maganar da ba ta motsa kowa. A kuma sani jerin ya sauya ga masu rubutawa daga 2026, don haka wanda ya gaji littafin yayansa yana iya shan wahala a kan waƙoƙin da ba za su fito masa ba. Ɗalibin kimiyya ko kasuwanci kuwa, da ba ya yin adabi, ribar jarrabawar ma ba ta shafe shi ba.

Hanya ta biyu, a ɗauki mawaƙi guda a bi shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, diwani ke nan, irin yadda aka tattara waƙoƙin Mu'azu Haɗeja ko na Sa'adu Zungur wuri ɗaya. Alherinta zurfi. Wanda ya karanta waƙa 10 ta mutum ɗaya zai fara gane muryarsa ko ba a rubuta suna ba, kamar yadda kake gane makaɗin garinku daga bugun kalangu na farko. Zai ga kalmomin da mawaƙin ke yawan komawa gare su, ya ga yadda ya sauya daga ƙuruciya zuwa manyanta idan aka jera waƙoƙin bisa shekarunsu. Akwai mawaƙan da suka dace da wannan sosai. Gabriel Okara, ɗan Bayelsa da ya rasu a 2019, Turancinsa a buɗe yake kamar hira. Osundare tun littafinsa na waƙoƙin kasuwa na 1983 ya ɗaura aniyar yin waƙar da mai talla da manomi za su gane, kuma yaron da ya tashi yana taya mahaifinsa ƙirga kwandunan tumatir a Mile 12 zai ji kamar da shi ake.

Sai dai a fara karanta takardar malama da kyau. Wasu sukan gindaya sharaɗin mawaƙa daban-daban, in haka ne magana ta ƙare. Ko ba a hana ba, samun waƙa 10 ta mutum ɗaya ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Littattafan tarin waƙoƙi na makaranta kaɗan suke ɗauko wa kowane mawaƙi, cikakken littafinsa kuwa sai an tsallaka zuwa kantin CMS a cikin Ikko ko shagunan Ikoyi, kuma mutumin Agege ya san wannan tafiyar yini ce. Sannan na sha ganin yaro ya zaɓi babban suna don ya burge. Ya ce Wole Soyinka, tun da shi ya ci kyautar Nobel a 1986, ko Christopher Okigbo da aka kashe a fagen yaƙin basasa a 1967. Manyan mawaƙa ne, ba ja, amma in ka cire waƙoƙi kaɗan, sauran ko ɗalibin jami'a sai da malami. Ƙarshenta yaron ya cika shafukansa da ranar haihuwa da sunayen makarantun da mawaƙin ya yi, waƙar kanta ba a taɓa ta ba. Wannan hanya ta dace ne da yaron da tun kafin a ba da aikin yana da mawaƙin da yake so. Ba su da yawa, amma akwai su, kuma in ɗanka yana cikinsu kada ka karkatar da shi.

Ta uku ita ce tawa: a tsai da jigo, a nemo waƙoƙin da suka taɓa shi daga ko'ina. Amma a nan ma akwai rami. Da na faɗa wa 'yar tawa haka, nan take ta ce to za ta ɗauki "rayuwa", in ba haka ba "yanayi". Na ce mata jigo irin wannan buhu ne marar gindi, duk abin da aka zuba ya shige. Wace waƙa ce ba ta rayuwa ba? Jigon kirki shi ne wanda zai iya korar waƙa ya ce ke ba wurinki ba ne nan. Sai na ajiye maganar waƙa gaba ɗaya, na tambaye ta abin da ya fi tsaya mata a rai a makon. Watan Mayu ne, damina ta kankama a Legas. Ta ce ruwan daren Laraba, yadda kwata ta cika ta shigo tsakar gida, ita da mahaifiyarta suka kwana ɗage katifa da buhun shinkafa. Ta ce abin da ya ba ta mamaki, washegari kakarta ta wajen uwa ta bugo waya daga Katsina tana cewa a taya su addu'a, iri yana hannu, sama ta ƙi sauka.

Na ce, "To ga kundinki nan." Ruwan da ake roƙo a gida, ake gudunsa a Legas. Babu wata a ajin da za ta zo da wannan, kuma abin da za ta faɗa a gabatarwa yana bakinta tun kafin ta ɗauki biro.

Da jigo ya tsaya, waƙoƙi suka fara samuwa. J. P. Clark, wanda ya koyar a Jami'ar Legas ya kuma rasu a 2020, yana da "Night Rain": an farka cikin dare ruwa na dukan jinka, uwa tana ta kawar da kaya daga inda ke yoyo. Da ta karanta sai ta ɗago kai ta ce, "Baffa, ai daren Larabarmu ne." David Rubadiri na Malawi yana da "An African Thunderstorm", hadari ya taso daga yamma, yara na ihun murna, mata da goyo na kai da kawo. Langston Hughes, baƙar fatar Amurka, yana da gajeriyar waƙa ta son ruwan Afrilu, ba komai cikinta sai jin daɗi. Edward Thomas na Ingila ya rubuta tasa a 1916 yana soja, kwance cikin bukka yana jin ruwa yana tunanin mutuwa, kuma a 1917 aka kashe shi a Faransa. Longfellow, mawaƙin Amurka, yana da "The Rainy Day", baiti uku kowane da ɗango biyar, wanda ya saba da ƙwar biyar ta waƙoƙinmu zai ji ta a kunne. A littafin Osundare na 1986, The Eye of the Earth, akwai sashe guda na waƙoƙin ruwa, har da ta ƙasa mai ƙishi tana jira, abin da kakar ke faɗa a waya ke nan.

Ruwa ɗaya ne, amma wani fargaba ya gani, wani murna, wani ajali, wani rahama. Da zarar yarinya ta ajiye biyu kusa da juna, dole ta tambayi kanta me ya raba su, kuma amsar wannan tambaya ita ce sharhin da malama ke nema. Da wuya ta sami littafin jagorar da ya haɗa Clark da Edward Thomas a shafi ɗaya, don haka babu inda za ta kwafo, sai dai ta yi tunani. Jerin ma ya sami hujja: ta fara da jira, sai hadari, sai saukar ruwa, sai ɓarna, sai wayewar gari.

Ba ruwa kaɗai ba. Wani yaro da na taimaka wa bara, ɗan mai sayar da goro, baƙunci ya ɗauka. Ɗan Bahaushe haifaffen Legas, wanda ake ce wa ɗan Arewa a nan, a kuma ce masa ɗan Ikko in ya je hutun salla gida, ba sai an yi masa bayanin wannan jigo ba. Ya sa waƙar Soyinka ta hirar tarho, inda ɗan Afirka ke neman ɗakin haya a Ingila, mai gidan tana tambayarsa iya baƙinsa. Ya sa ta Okara da ta tsaya tsakanin ganga da fiyano. Wadda ta fi taɓa shi ita ce ta Claude McKay, ɗan Jamaika da ya ga ayaba da citta da koko a tagar shago a birnin Niyu Yok, kewar gida ta sa shi kuka. Yaron ya rubuta a sharhinsa cewa haka mahaifinsa yake tsayawa in ya ga goruba da magarya a faranti a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Mai son jigon birni kuma zai iya haɗa waƙar Wordsworth ta 1802 mai ɗango 14, da ya tsaya kan gada da sassafe yana kallon Landan tana barci, da ta William Blake ta 1794 da ta ga wahala a kowace fuska a titunan garin, da "Ibadan" ta Clark mai ɗango biyar kacal. Duk wanda ya taɓa hawa gadar Third Mainland kafin rana ta fito yana da abin cewa a kan ta farkon.

Abin da wannan hanya ke ci shi ne lokaci, kuma ba kaɗan ba. Kafin a sami 10 masu kyau sai an karanta ninkinsu biyu ko uku. Wanda ya bari sai a ƙurarren lokaci, jigo zai kunyata shi fiye da manhaja, don zai rubuta kalmar a waya ya kwaso duk abin da ya fito, wasu ba a ma san wanda ya rubuta su ba. Tana kuma bukatar babba a kusa, malami ko yaya ko mai sayar da tsofaffin littattafai da ya san kayansa, wanda zai ce duba wance. Akwai kuma jarabar cusa waƙa inda ba wurinta ba. 'Yar tawa ta so ƙwarai ta sa waƙar Okara ta kiran kogin Nun, don tana da daɗi kuma akwai ruwa a ciki. Mun daɗe muna ja. Kogi ne, ba ruwan sama ba, kuma maganarta tafiyar rai ce zuwa teku. Da ƙyar ta haƙura ta cire, amma a ranar na tabbata ta gane aikin. In mako huɗu aka bayar, a bar na farko duka ga karatu, ban da rubutu. Na biyu a zaɓa a jera. Na uku sharhi. Na ƙarshe kwafewa da ɗauri. Ɗalibin adabi da ke tsoron rasa ribar jarrabawa, ba abin da ya hana shi duba jerin shekararsa, in ya sami ɗaya ko biyu da suka shiga jigonsa ya sa su.

Duk da son da nake yi wa jigo, ba kullum nake ba da shi ba. Wata uwa daga Idi-Araba ta kira ni saura kwana biyar a kai aikin, ta ce, "Malam, wace za mu bi?" Ban yi jinkiri ba na ce manhaja. Amma na gindaya mata sharaɗi biyu: ta ɓoye littafin jagorar har sai yaron ya rubuta nasa sharhin, kuma ya ɗauki 6 daga jerin ya nemo 4 a waje, ko da zaɓen ya ɗan sami wurin shiga.

Batun inda za a samo waƙoƙin, littafi ko waya, ni littafi na fi amincewa da shi, kuma tsofaffin ma sun fi. West African Verse na Donatus Nwoga da ya fito a 1967, da tarin da Senanu da Vincent suka yi a 1976, da na Gerald Moore da Ulli Beier na 1963, har yau ana cin karo da su wurin masu baza tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba. Tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a 2024, zuwa Yaba daga Agege ya yi sauƙi, ga kuma ɗakin karatu na Herbert Macaulay a can. Ga waƙoƙin Ingila da Amurka, shafin Poetry Foundation da na Project Gutenberg abin dogaro ne. Abin da ake turawa a WhatsApp da Facebook kuwa a yi hattara da shi: akan yanke baiti, akan kuma liƙa wa waƙa sunan wanda bai rubuta ta ba. Ko a shafi mai kyau, fuskar waya ƙarama ce, takan karya ɗango ɗaya gida biyu, yaro ya kwafe shi a haka. A kwantar da wayar a gicciye kafin a kwafa. A ƙarƙashin kowace waƙa a rubuta sunan mawaƙi da shekara da inda aka samo ta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Kwafi ɗaya na aji don karatu ba shi ne abin damuwa ba, amma ɗora kundin duka a intanet ko buga shi don sayarwa wata magana ce daban.

Yanzu ga tambayar da na fi damuwa da ita: a sa waƙar Hausa ko kuwa? Iyaye da yawa sukan ce a'a, aikin Turanci ne, kada a jawo wa yaro asarar maki. Na fahimci tsoron. Amma a lura, a jerin WAEC na 2021 zuwa 2025 akwai Léopold Senghor na Senegal, wanda da Faransanci ya rubuta waƙarsa, da Agostinho Neto na Angola, wanda ya rubuta da harshen Fotugal. Fassara ɗalibai suka karanta, kuma ba wanda ya ce ba adabin Turanci suke yi ba. To in Faransanci ya shiga ta ƙofar fassara, me zai hana Hausa? Abin yi shi ne yaro ya sami malamarsa tun makon farko, cikin ladabi, ya ce yana so ya sa guda ɗaya da fassararta a gefe. In ta yi ɗari-ɗari, a mai da ita ta 11, ƙari a kan abin da aka nema.

A nan ma zaɓi biyu ne. Akwai fassarar da masana suka riga suka yi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma Jean Boyd da Beverly Mack sun fitar da su da Turanci a 1997. Mai jigon rashi zai sami marsiyyoyinta a shirye, da Turanci mai tsabta. Sai dai littafin babba ne, ba a kowane shago ake ganinsa ba, kuma aikin wani ne, yaro kwafa kawai zai yi. Ɗaya zaɓin shi ne ya fassara da kansa. Turancin ba zai kai na masana ba, amsa-amo zai zube, kari zai ɓace, amma ranar da yaro ya nemi kalmar Turanci ɗaya da za ta ɗauki "kunya" ko "bazara" ya rasa, ranar zai gane me ya sa mawaƙi ke zaɓen wannan kalma ya bar waccan. Ga kuma ribar da ba ta cikin takardar maki. Yaranmu na Legas suna jin Hausa a gida, suna koyon Yarabanci a makaranta tun da dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyar da shi, amma da yawansu ba su taɓa rubuta shafi ɗaya da Hausa ba, ba su san inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Ba lallai sai rubutacciyar waƙa ta manyan malamai ba, waɗannan dogaye ne, sai dai a tsakuro baiti uku ko huɗu. Waƙar raino, waƙar daka, waƙar gaɗa, duk waƙoƙi ne, kuma suna bakin iyaye mata a cikin gida. A rubuta wadda ta rera, da garinsu, da ranar da aka ɗauka. Waƙar yaro ta kansa kuwa, in an yarda a sa, guda ɗaya ta isa, kuma ya rubuta ta a makon ƙarshe, bayan ya sha karatun na wasu.

Saura rubutun hannu ko bugun kwamfuta. In malama ta fayyace, shi ke nan. In ta bar zaɓi, bugu ya fi tsabta, ya fi sauƙin gyara, kuma ana iya fitar da kwafi biyu a ajiye ɗaya. Amma mai bugu a shagon kwamfuta da wasiƙu da takardun neman aiki ya saba. Zai iya tattara ɗangogin ya mai da su sakin layi, ko ya jera komai a tsakiyar shafi don ya yi kyau, kwamfutar kuma ta sauya tsohon Turancin Blake tana zaton kuskure ne, ƙ ɗinmu kuwa ta koma k. Wanda zai buga ya zauna kusa da mai bugun, ya duba takarda kafin ya biya. Rubutun hannu yana cin kwanaki, kuskure ɗaya yakan sa a sake shafi, yaron da rubutunsa ba ya karantuwa kuma zai cutu. Duk da haka shi nake zaɓa wa mafi yawansu, saboda dalilin da duk wanda ya riƙe allo ya sani: abin da hannu ya rubuta yana zama a ka. 'Yar tawa ta haddace waƙar Clark ba tare da ta yi niyya ba. Ɗauri ba ya bukatar zuwa Shomolu wurin masu manyan injinan ɗab'i. Farar takarda 6 irin ta fotokwafi, in an ninke su biyu, sun ba da shafi 24. A sa kwali a baya, a ɗinke tsakiya da zare da allura.

Waƙa ta 11 a kundinta daga Katsina ta zo. Ranar wata Lahadi da daddare ta kira kakar, ta ce, "Kaka, ki rera mini waƙar da kuke yi kuna yara in ruwa ya ƙi sauka." Tsohuwar ta yi shiru, ta ce rabonta da ita tun kafin a yi mata aure. Sannan ta fara, ta tsaya a tsakiya, ta aika a kira maƙwabciyarta don ta tuna mata sauran. Sau uku layin yana yankewa. Yarinyar tana durƙushe da biro, ta rubuta Hausar a shafin hagu, ta bar na dama fari. Fassarar ta ɗauke ta kwana huɗu, kuma kalma ɗaya, marka, ta ƙi fassaruwa, sai ta bar ta yadda take ta yi mata bayani a ƙasan shafi. Litinin ɗin da za ta kai aikin tun asuba ake ruwa. Ta sa kundin cikin leda biyu, ta cusa shi ƙarƙashin hijabi, ta fita neman keken da zai kai ta makaranta.